Na Matsar da Rijiyar Tallafi Daga Kan Kaburbura

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu manya da ƙanana. Barkanku da aiki, ya iyali, ya ibada? Don Allah a ɓoye sunana, a ɓoye na ƙungiyarmu. Wanda kuma ya san wa'azi kawai ya iya, ya ɗan riƙe abinsa har ya kai ƙarshe. Ban zo a wanke ni ba, ban kuma zo a yi min taron dangi ba. Shawara nake nema, domin mutuncin wani dattijo ne a hannuna, kuma masu bincike suna hanya.

Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a Karaye, ni ce mai kula da kuɗi da bin ƙa'ida. Bara muka samu tallafi daga gwamnatin tarayya don haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Karaye. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin tallafi ba sai ya zaci daɗi ake ji. Ina! Asusunsa daban, ba a haɗa shi da komai. Ba a sayen ko buhun siminti sai an ji farashi daga 'yan kasuwa daban-daban. Wanda ya amince a biya ba shi ke biya ba. Abin da aka rubuta za a yi, a inda aka rubuta za a yi shi, shi za a yi, in za a canza sai an nemi izini a rubuce. Kuma ni ce 'yar sandan wannan duka. A ofis Hajiya Rasit suke ce min, a bayan idona da gaban idona. Direbanmu ya taɓa yin faci a hanyar Rogo ya dawo ba rasit, na ce wallahi sai ya koma wajen mai facin, har ya daina gaishe ni na wani lokaci. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka 'yar sakaci ce ke magana.

Babbar ƙa'idar ita ce sa hannu biyu. Duk rahoton da zai tafi Abuja, ni zan rubuta in sa hannu, sannan shugaban kwamitin amintattunmu ya karanta ya sa nasa, don in na kauce ya kama ni. Shugaban nan tsohon hedimasta ne, Baba muke ce masa. Rabin mutanen ofishinmu shi ya koya musu karatu, har da ni. Shi ake kira rabon gado, shi ake ba ajiya, in ya ce abu kaza ya faru to an rufe maganar. Ba shi da mota, ba shi da gidan sama. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

To, akwai wani ƙauye a bakin iyakarmu da Rogo da ke cikin waɗanda za a yi wa rijiya. Injiniyan da aka turo daga birni da damina ya zo, ciyawa ta rufe ko'ina. Ya hango wani fili a bakin gari ba wanda ya noma shi, ya ɗaga waya ya ɗauki lambar wurin ta taswira, aka tura Abuja, aka amince. Mai unguwa yana tsaye a gefensa yana ta "madalla, madalla." Shi injiniyan, bawan Allah, bai tambayi kansa ba, a garin da ko bayan katanga sai an shuka gyaɗa, me zai sa a bar fili haka kawai?

Ranar da motar haƙa ta iso ni na je, saboda ƙa'ida ta ce sai na ga aiki da idona kafin a biya ɗan kwangila. Ana cikin ja da baya da motar, sai wata tsohuwa daga rugar da ke gefen garin, Inna suke ce mata, ta tako da sandarta ta zauna daram a gaban tayar. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "'Yar nan, ruwa muna so, Allah ya sani. Amma 'ya'yana biyu suna ƙasan nan tun shekarar da baƙon dauro ya shigo mana. Ki ce musu su fara haƙawa ta kaina." Innalillahi! Ashe tsohuwar maƙabarta ce, kaburburan sun baje. Na juya kan mai unguwa raina a ɓace, na ce, "Ranka ya daɗe, kana tsaye aka zaɓi wurin nan, me ya hana ka magana?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, baƙo ya kawo maka alheri ka ce masa ba nan ba? Da na yi magana sai ya naɗe takardunsa ya kai wa ƙauyen gaba."

Kada wani ya ce ban bi hanya ba. A nan tsaye na kira jami'in da ke kula da mu a Abuja. Ya ce, "Madam, ki rubuto takardar neman canji, kwamiti zai duba." Na ce yaushe? Ya ce in sun zauna. Ɗan kwangila kuma yana ta buga min agogo, wai in ya fita da motar nan sai bayan damina, hanya ba za ta biyu ba. Kafin nan wa'adin tallafin ya ƙare, kuɗin rijiyar ya koma inda ya fito. Ga matan garin can ina hango su suna ɗibar ruwa a kududdufin da shanu ke sha. Ku gaya min, in haƙa a kan 'ya'yan Inna? Ko in ce wa gari guda su ci gaba da shan wancan har kwamiti ya samu sarari? Ana haka wani manomi ya ce ya ba da kusurwar gonar gyaɗarsa fi sabilillahi, ga ta can ana hangowa. Matsalar ɗaya ce, gonar ta tsallaka wani ɗan kwari, ta faɗa ƙasar Rogo. Su mutanen garin ba ruwansu, nan suke kwana can suke noma. Amma tallafinmu na Karaye ne kaɗai. Na san haka sarai. Na ce, "A haƙa." Aka haƙa, ruwa ya fito garau, mata suka yi ta guɗa. Wannan ban yi nadamarsa ba, kuma ko gobe aka maimaita haka zan yi.

Inda kunyata take shi ne rahoto. Da na zo rubutawa, sai na sa tsohuwar lambar wurin, kamar a can aka haƙa. Na ce wa zai taso daga Abuja ya zo har nan? Na kai wa Baba gida. Ya ce, "Nuna min inda zan sa." Na ce, can ƙasa-ƙasa, "Baba, ka ɗan karanta mana." Ya ce, "Haba 'yar nan, in tsaya ina bin rubutunki layi-layi kamar ina zarginki?" Dama haka muke yi tun da aka fara. Mu a nan, mutum ya kawo maka takarda ka tsaya karantawa a gabansa, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Waɗanda suka tsara sa hannu biyu ba su yi lissafin kunyarmu ba. Ni da ya kamata tun tuni in gyara wannan, ranar sai na ji sanyi a raina da bai karanta ba. Wallahi in na tuna wannan sanyin ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu saƙo ya zo. Masu bincike za su zo su tsaya a kan kowace rijiya da wayarsu, su gwada da abin da muka rubuta. Inda aka samu saɓani, waɗanda suka sa hannu su za su amsa, kuma za a iya dakatar da sauran rijiyoyin. Ni ba kaina nake ji ba, a kore ni, in koma sayar da atamfa a cikin gida, ba zan mutu ba. Amma kun san garinmu. Wa zai tsaya bayanin lambar taswira a majalisar masu hira? Abin da za a ce shi ne Hedimasta ya ci kuɗin rijiya. Kafin magariba maganar ta kai har garin Fulatan, can cikin Rogo.

Shi ya sa na tattara ƙarfin halina na same shi bayan la'asar, yana zaune a zaure yana ɓarar gyaɗar iri. Muka gaisa, na tambayi Hajiyarsa da jikoki, sannan na zayyana masa komai ina kuka. Bai ko daina ɓarar ba. Da na gama ya ce, "Na sani." Na ɗago. Ya ce tun kafin in kawo rahoton ya je ta'aziyya garin, da ruwan rijiyar ya yi alwala, kuma shi da ya yi koyarwa a yankin ya san inda kwarin iyaka yake. Ya ce, "Sauran takardunki don kunya nake ƙin karantawa. Wannan da gangan na ƙi." Sannan ya ce in masu binciken sun zo zai ce shi ya ba da umarni, ni bin maganar shugaba kawai na yi. Na ce, "Baba, wallahi ba za a yi haka ba! Ni na ce a haƙa, ni na rubuta." Ya ce, "Ni na gama nawa, fansho nake ci. Ke yanzu kika fara, kuma in kika tafi wa zai bi 'yan ofis da rasit? Na hana ki buɗe baki. Ko ba ki ɗauke ni uba ba?"

To ga inda nake. In na yi shiru, na bi maganar uba, amma mutumin da ban taɓa jin an kama shi da ƙarya ba zai tsaya da furfurarsa ya yi ƙarya saboda ni, ya kuma ɗauki sunan da ba zai goge ba har kabarinsa. In na riga shi na faɗi gaskiya, na saɓa masa, kuma dole su tambaye ni yadda hannunsa ya hau takardar. In ce bai karanta ba, na mai da shi sakarai, na kuma tona cewa sa hannu biyun namu na ado ne. In ce ya sani, na jefa shi da hannuna. Masu cewa ƙa'ida ƙa'ida ce, na ji, ni ma da bakina nake faɗa wa mutane haka. Amma kada wanda ya ce min da na haƙa a inda aka rubuta, sai in zai je ya faɗa wa Inna da kansa. Kwanan nan na bi ta garin, na ga sun kewaye maƙabartar da ƙaya, ita kuma tana bakin famfo da ƙwaryarta. Ta ɗaga min hannu ta ce in gaida mata shugabanmu, tana sa shi a addu'a. Har yau ban iya isar masa da gaisuwar ba.

Jama'a, don girman Allah, in bar Baba ya yi ƙarya dominna, ko in saɓa masa in faɗi gaskiyar da ita ma ba za ta bar shi ba? Me zan yi?