Muryar Ja'afar a Tsohuwar Kwamfuta

Taba, Kudan
8 ga Mayu

Zuwa ga ƙanin mijina Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Mero da duk mutanen gida. 'Yarka Rumaisa na gaishe ka, ta ce raken Makarfi da ka yi mata alkawari ko sai ta yi aure zai iso.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na san ka yi ta kira ina katsewa, har ka fara cewa matar Yaya ta yi girman kai. Ba haka ba ne. Sanƙarau ɗin da ya kwantar da ni a bazara ya tafi, amma bai tafi hannu rabbana ba. Kunnen hagu ya mutu murus. Na dama yana nan, sai dai kullum raguwa yake yi. Likitan Zariya bai ɓoye mini ba, ya ce wata biyu ko uku ne ya rage masa. Kiran sallar masallacin ƙofar gidanmu yanzu ji nake kamar daga Hunƙuyi ake yin sa.

Yahya direba, wanda zai ba ka wannan takarda, ya ce ka sa sabuwar kwamfuta a shagon marigayi. Allah ya sanya albarka. To ina tsohuwar? Ka san duk tallan da Ja'afar ya ɗaukar wa 'yan kasuwa da muryarsa a cikinta yake, na mai maganin ɓera da na mai takin zamani, ga karatun Tabara da ya ɗauka a azuminsa na ƙarshe, ga na ranar sunan Rumaisa da ya yi ta tsokanata wai kunun kanwa ya kumbura ni. Wayarsa ta tafi tare da shi a hatsarin, tawa kuwa 'yar mai tocila ce, ba ta ajiye komai.

Wata goma sha huɗu ke nan ban ji muryarsa ba. Ban taɓa nema ba don na san tana nan ajiye a shago, ba inda za ta, kuma zuciyata ba ta yi ƙwarin saurare ba. Yanzu kuwa lokaci ya ƙure mini. Don Allah ka juye mini a memori ka ba Yahya ran Laraba in ya zo kasuwa. Ko na maganin ɓeran ne kaɗai, ina so.

Ka gaida Inna da kyau. Na bar ka lafiya.

Matar Yayanka,
Farida

Makarfi
15 ga Mayu

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da ban girma irin na ƙani. Takardarki ta same ni, Inna ta yi kuka da na karanta mata. Allah ya ba ki lafiya. Amma ki bar ɗaukar maganar likita kamar saukar aya, su ma lalube suke yi. Ga man habbatus sauda nan Inna ta ce ki riƙa ɗigawa safe da yamma. Ga raken uwar ɗakina Rumaisa kuma, sanda huɗu, kada ki shanye mata.

Sabuwar kwamfuta kam sai kin gani. Tsohuwar nan in ka kunna ta, sai ka shanye rake gaɓa uku kafin ta farka. Wannan kuwa kafin ka ce kwabo ta buɗe. Hoton fasfo yanzu mutum na tsaye ake ba shi.

Maganar tsohuwar, ba ta shago. Da na sayi sabuwar a watan Rajab, wani ya taya ta don ya farke ya sayar da kayan ciki, Inna ta ce ba za a yi wa kayan Yaya haka ba. Ta ce a kai ta Islamiyyar Malam Maiwada a Janfalan, inda Yaya ya yi karatu yana yaro, ta zama sadaka mai gudana a gare shi. Na kai da hannuna. An ce yara na amfana da ita sosai, kin ga lada na ta isa kabarinsa.

Na so in karɓo miki talla a wajen 'yan kasuwa, amma kin san bayan rasuwar duk sun kawo memorinsu na sake ɗaukar musu da muryata a kai. Sun ce bai kyautu ba muryar mamaci tana tallan maganin ɓera a tsakiyar kasuwa.

Zan leƙa Janfalan in na samu sarari. Yanzu aiki ya yi yawa, ga shuka ta kama. Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Ki gaida su Baba. Naki,
Zakiyyu

Taba, Kudan
5 ga Yuni

Zuwa ga Malam Maiwada, shugaban Islamiyya, Janfalan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina gaida iyali da malamai da ɗalibai.

Sunana Farida, matar marigayi Ja'afar mai shagon kwamfuta na Makarfi, ɗalibinka. A yi mini afuwa da na rubuto kai tsaye ba tare da na bi ta hannun manya ba. Ciwo ya ci kunnena, saura kaɗan in daina ji gaba ɗaya. A cikin kwamfutar da aka kawo muku akwai muryar mijina, ita nake son ji kafin ƙofar ta rufe. Mako uku ke nan ƙaninsa yana cewa zai zo wajenku, bai zo ba.

Ba sadakar nake son karɓewa ba, Allah ya tsare ni. A juye mini kawai, ko a ba ni izini in zo da yayana in saurara a nan makaranta. In zan zo, gara cikin makon nan, don jiya ruwa ya sauka a kan kwanon ɗakina, sai da na ga ƙasa ta jiƙe na sani.

Allah ya saka da alheri.

'Yarka,
Farida Ashafa

Janfalan, Ikara
11 ga Yuni

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Farida,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya jiƙan Ja'afar, ya ba ki lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ja'afar yaro ne mai murya, shi nake sa wa ya ja baƙi in na gaji.

'Yata, ba zan rufe ki ba. Na'urar nan fayau ta zo mana, ko alif babu a cikinta. Ranar da Zakiyyu ya kawo ta ya ce mini ya sa an share komai, saboda akwai hotunan iyali a ciki, kuma wuri ne na yara da malamai maza. Na yaba masa a ranar, har na sa masa albarka a gaban mutane. Na ɗauka kin sani.

Da takardarki ta zo na kira Malam Shamsuddeen, shi ne mai kula da ita. Ya ce a Kaduna akwai masu tono abin da aka share, matuƙar ba a zuba wani abu a kansa ba. Wata biyar ke nan kullum muna zubawa. Ɗalibai sittin da uku ne ke hadda, kowanne yana karantawa a ɗauka, ya saurari kansa ya gyara kurensa. Ni na ƙirƙiro tsarin, ina ta murna da shi, ina cewa ladan na Ja'afar ne. Malam Shamsuddeen ya ce ta kusa cika.

Na sa an kashe ta tun ranar, an lulluɓe ta da zane. Ba a karɓar sadaka bayan an bayar, amma ba a hana aro ba. Duk wanda zai kai ta Kaduna ya zo ya ɗauka. Ban ce ki sa rai ba, 'yata, don shi kansa Malam Shamsuddeen bai sa ba.

Ki yi haƙuri da mu. Wassalam.

Malam Maiwada

Taba, Kudan
19 ga Yuni

Zakiyyu,

Salamu alaikum. Barka da sallah.

Ga takardar Malam nan na haɗo maka, ka karanta. Ashe ranar da kake ba ni labarin rake da hoton fasfo ka san babu komai a cikinta. Sharewar ban riƙe ka da ita sosai ba, ƙaddara ce. Amma mako shida da ka bar ni ina jiran Yahya a bakin hanya, yara kuma suna ta karatu a kan abin da ya rage, wannan kai ka yi shi da saninka. Ranar da na fara rubuto maka ina jin Rumaisa daga tsakar gida. Yau sai ta kafa baki a kunnena.

Ka je Janfalan ka ɗauke ta ka kai Kaduna. Kada ka sake aiko mini da mai.

A gaida Inna.

Farida

Makarfi
24 ga Yuli

Yaya Farida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, in kina karɓar gaisuwata. Yau babu wasa a bakina.

Ga yadda aka yi. Ranar da zan kai ta Janfalan na zauna in kwashe kayan Yaya in mayar cikin sabuwar. Na kwashe takardun mutane. Sai na ga wani wuri da ya rubuta wa suna Gida. Ina buɗewa hotonki ya fito, kina ɗaki, babu ɗankwali, kina dariya. Na rufe da sauri kamar na taɓa wuta. Na ce wannan tsakanin Yaya da iyalinsa ne, ba hurumina ba ne in bi ɗaya bayan ɗaya ina zaɓe, kuma ba zan bar shi wani ya gani ba. Na kasa kiran ki in ce na ga hotonki. Na kasa gaya wa Inna. Sai na kira mai gyara na tsaya a kansa ya share duka ba tare da ya buɗe ba. Wallahi ban san a nan ya ajiye muryoyin ba. Na dawo gida ranar ina ganin na rufa wa Yaya asiri.

Da takardarki ta farko ta zo na duba sabuwar ciki da bai, na gane abin da na yi. Tsoro ya hana ni faɗa. Ba ni da wata hujja bayan wannan.

Na kai ta Kaduna washegarin da saƙonki ya zo. Wata guda tana hannun mai tonon, na je sau huɗu. Ya fito da hotunan fasfo na mutanen da ban ma sani ba, da rabin takardun neman aiki, sai muryoyin yara birjik. Tabara babu. Ranar suna babu. Tallan ma babu. Abin da ya samu na Yaya daƙiƙa tara ne, lokacin da yake gwada makirfo a shago, da alama kina kusa.

Ga shi nan a memori, na haɗo da sifika mai ƙarfi, Yahya zai nuna wa yayanki yadda ake ƙure ta. Na so in rubuta miki abin da Yaya ya faɗa a ciki, hannuna ya ƙi. Na mayar wa Malam kwamfutarsa, yara sun koma karatu.

Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba, ban ga laifinki ba.

Ƙaninki,
Zakiyyu

Taba, Kudan
31 ga Yuli

Zakiyyu,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, na gode da wahalar Kaduna.

Yayana ya ƙure sifikar har kaji suka watse daga tsakar gida. Na manna ta a kunnen dama. Ina jin tana rawa a ƙashin kumatuna, shi ke nan. Kwana goma sha biyu ke nan da kunnen ya rufe.

Rumaisa ce ta ji. Na ba ta allonta na makaranta, ita da yayana suka rubuta mini. Wai Ja'afar ya yi gyaran murya, ya buga makirfon sau biyu, sannan ya ce, "Farida, kina ji na daga nan?"

Na sa aka sake kunnawa. Da rawar ta tsaya a kumatuna na ɗaga murya na ce masa ina ji. Shekara shida muka yi tare ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Ka ajiye wani kwafin a sabuwar, saboda Rumaisa. Ka gaida Inna. Ka gaida Malam in ka je.

Farida