Gidan da Na Duba a Agusta

Angondjé, Libreville
18 ga Agusta

Zuwa ga matata Ƙulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina a Tasawa? Ni lafiya lau, sai kewa.

Albishirinki, na samu gida! Shekara huɗu ina Aljeriya, wata biyu a nan ina tuƙa taksin Mahdi, maigidana da ya daɗe a ƙasar nan, rabuwar ta isa haka. Ɗaki biyu ne da tsakar gida a Angondjé, wata sabuwar unguwa a arewacin gari. Kin tuna marigayi Baba ya hana mu kama gida sai mun gan shi a Agusta, tsakiyar damina. Haka na yi. Kwana uku ina zuwa, kullum hadari a haɗe, amma ƙasa a bushe ƙayau. Ban ma tambayi Mahdi ba, na sa hannu na shekara guda.

Ki fara shiri, ki taso a Nuwamba. Na san sai kin yi mini gardama a kan ranar, to na ba ki mako guda ki gama.

Mijinki,
Salissou

21 ga Oktoba

Ƙulu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa an yi girbi lafiya.

Abin da na kasa faɗa a waya ne zan rubuta. Ashe a ƙasar nan Agusta rani ne. Hadarin da na gani, na banza ne, haka yake tsayawa wata uku ba ɗigo. Damina sai Oktoba. Ranar Talata na dawo aiki da la'asar, na tarar da takalmana suna yawo a tsakar gida, ruwa har ƙwauri. A cikin tukunyar da na saya miki kuwa ƙaguwa ce zaune, kamar ita ta kama gidan.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ta yi dariya har da hawaye. Ta ce tana yarinya nan duk fadama ce, da kwalekwale ubanta yake wucewa ta inda ɗakinmu yake. An zuba ƙasa an yi gini, amma ruwa bai manta hanyarsa ba. Masu hasashen yanayi a rediyo sun ce haka za a yi har Disamba, ya ɗan sarara, ya dawo da ƙarfi har Mayu.

Kunya nake ji, Ƙulu. Ba zan ɗauko ki daga tudu in ajiye ki cikin laka ba. Ki dakata sai Yuni.

Naki,
Salissou

9 ga Nuwamba

Ƙulu,

Da fatan kun tashi lafiya ke da Inna. Saƙonki na murya ya iso. Kin ce to, Allah ya kai mu Yuni. Shi ke nan abin da kika ce.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa cewa gabas kin bar ni ban ji yamma ba. Sai a wannan kaɗai kika zama mai biyayya? Na saurari saƙon ya fi sau goma, ina jiran ki ce ke ba gishiri ba ce da ruwa zai narkar.

Yau ce ranar da ya kamata in tarbe ki. Ban fita aiki ba. Ruwa yake ta yi tun safe a kan kwano, ba wanda zan ce wa ji wannan ruwa. A unguwar nan ba mai jin Hausa, sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba fasinja ba.

Na ɗora gadon a kan bulo uku-uku. Na haƙa lambatu zuwa bakin titi, yanzu ruwan iyakarsa idon sawu. Gidan bai gyaru ba, ba zan yi miki ƙarya sau biyu ba. Amma gefenki na gadon bai taɓa jiƙewa ba, kullum sai na taɓa na ji.

Ni na ce ki dakata, kuma ba zan iya janyewa da bakina ba. Don Allah, Ƙulu, ki yi mini gardama.

Mijinki mai jira,
Salissou