Amsar Iya Alheri

Fagge, Kano
Fabrairu, 1976

Zuwa ga ƙanena Ubale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maijego Mairamu da jaririya, kamar yadda muke nan lafiya. Alhaji Ɗanlami ya iso daga Libreville, ya kawo atamfa da turaren da ka aiko. An gode, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ni ba atamfa nake jira ba.

Ubale, ina Iya Alheri? Da ka zo ka durƙusa a gabana ka ce matarka ba ta da kowa a can, ba mai tsaya mata kan wankan jego, na tausaya maka na ba ka aron tsohuwar da ta raine mu tun rasuwar mahaifiyarmu. Aro na ce, ban ce kyauta ba. An yi arba'in, an wuce, na ji har yarinya ta fara zama. Ruwan wankan nan bai huce ba har yanzu?

Ɗakinta na nan, kullum sai na share. Da safe in na fito tsakar gida nakan manta in ce “Alheri!”, in tsaya ina jiran in ji ta amsa “Gadon barci!” daga ɗaki, sai in ji shiru. Ka san wasanmu ne ni da ita tun ina ƙarama, a bakin Kaka na ɗauke shi. Kai ba ka taɓa iya shi ba, “Iya” kawai kake cewa kamar kowa. Gidan nan ya yi mini faɗi, abinci ma ba ya shiga.

Sai maganar suna. Wai Rahmatu kuka sa wa yarinyar. Na laluba danginmu kaf, na uwa da na uba, ban ga Rahmatu ba. To, na gane, an yi wa mutanen Garwa kara, dangin matarka. Ban ce dole sai an yi mini takwara ba, ko da yake bayan nan nawa ya sha fitsarinka lokacin da Iya ke daka. Allah ya raya ta.

Ka haɗo Iya da Alhaji Ɗanlami a tafiyarsa mai zuwa. Ka gaishe ta, ka ce mata kazarta ta ƙyanƙyashe.

Wassalam.
Yayarka, Hajjo

Nkembo, Libreville
Afrilu, 1976

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa ta ladabi da fatan alheri gare ki da dukkan mutanen gida. Takardarki ta same mu lafiya, kuma na karɓi faɗan da hannu biyu.

Iya tana nan ƙalau, har ta yi 'yar ƙiba. Ruwan saman garin nan kawai take tsaki a kai, wai bai san ƙarshen zance ba. Ni kuwa ba na samun zama. Tun da kuɗin mai suka shigo, ko'ina ka juya gini ake, leburori sukan cika butik ɗina, wato kantina, da tsakar rana suna neman burodi da sardin. Saboda haka ita da Mairamu ke wuni tare.

Yaya, sunan nan ba daga Garwa ya fito ba. Sunan Iya ne. Ranar da ta sauka, Mairamu ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce su a gidansu ba a zama da babba ba a san sunansa na yanka ba, don a riƙa sa shi a addu'a. Iya ta ce sunanta Rahmatu. Ta ce da kakanmu Malam Jika ya dawo daga Makka ya 'yanta ta, an yanka rago an raɗa mata wannan suna. Aka cinye naman, washegari kowa ya koma kiran ta Alheri. Da aka haihu Mairamu ta roƙe ni a yi wa Iya takwara, ni kuma ban ga dalilin ƙi ba. Na yi kuskure da ban rubuto miki bayani tun lokacin ba, ki yafe ni.

Dukkanmu mun san da can baiwar gidanmu ce, ba a dai zancen. Abin da ya buɗe bakinta, wata Lahadi Mairamu ta ɗauke ta a taksi don ta ga teku. A hanya ta gaya mata ma'anar sunan garin nan, wato garin 'yantattu, domin an kafa shi ne saboda waɗansu bayi da aka ƙwato daga jirgin ruwa aka sauke su a nan. Iya ta sa direba ya tsaya. Ta zauna kan wani gungume tana kallon ruwa, ta daɗe. Tun daga ranar, duk la'asar in suna tsinkar ganyen rogo, tana ba Mairamu labarin yadda aka kamo ta da abin da ya biyo baya.

Na yi mata maganar komawa, ta ce tukuna. Ta yi murna da kazar, ta ce kada a bari shirwa ta ga 'yan tsakin.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki mai biyayya, Ubale

Fagge, Kano
Mayu, 1976

Ubale,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ka gai da gidanka.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, kuma ya hana ni sakat. A bayan matar nan na yi wayo. Da aka kai ni gidan miji tare aka kai mu, da ya rasu tare muka dawo. Ni ke yi mata kitso, ni ke yanke mata farce tun da idonta ya yi rauni, da ƙafarta ta kumbura bara waccan ni na yi ta gasa mata har ta taka. Furfura ta fito mini ban san sunanta ba, amma yarinyar da ta gan ta jiya ta ji shi tun kafin ta ajiye kaya! Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Za ka ce ban taɓa tambaya ba. Gaskiya ne. Ban tambaya ba saboda kunya da kara, a gidanmu ba a tonon wannan zance, kada a sosa wa mutum inda ke masa ciwo. Yanzu ke nan kawaicina ya zama laifi, baki-sake irin na matarka ya zama abin yabo? Ita ta kai ta teku. Ni da ba ni da teku sai rijiyar tsakar gida, me zan yi?

To, ta ba ta labari, ta ba ta suna. Amma akwai abin da ba za ta ba ta ba. Ka sa Mairamu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce “Alheri!” ka ji ko za a amsa mata. Wannan nawa ne ni kaɗai, duk duniya ba wanda take yi wa sai ni. Ka gwada ka rubuto mini.

Kuma duk abin da ta gaya wa matarka ka rubuto mini shi kaf, kada ka rage ko wasali. Iya tamu ce, mu muka gaje ta, labarinta ma namu ne. “Tukuna” ɗin nan kuwa na san bakin da ya sa mata shi.

Ka huta lafiya.
Hajjo

Nkembo, Libreville
Yuli, 1976

Zuwa ga Yayata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkiri. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga.

Mairamu ta ƙi yin abin da kika ce, ta kuma roƙe ni kada in yi. Ban ji ba. Na dawo daga kasuwar Mont-Bouët na tarar da Iya kan tabarma da jaririya a cinya, na tsaya a ƙofa na ce “Alheri!” Kafin in rufe baki ta ce “Gadon barci,” ta zabura za ta miƙe da yarinya a hannu, har gwiwarta ta yi ƙara. Da ta ga ni ne, ta koma ta zauna tana kallo na. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Yaya, ba wasa ba ne. Duk wanda ya kira za ta amsa. Ta ce a zamanin, sunan da ake sa wa bawa sau da yawa rabin magana ne. Ubangida ya faɗi rabi, bawa ya cika sauran, don a san yana kusa kuma ya kwantar da kai.

Ga abin da kika ce in rubuto. A wani ƙauyen kan dutse take, kudu da Bauci. Tana korar tsuntsaye a gonar gero ita da ƙanenta mahara suka zo a kan dawaki. Aka ɗaure su a igiya ɗaya, a wata kasuwa a hanya aka kwance yaron aka sayar, ba ta ƙara ganin sa ba. Ta iso gidanmu ba ta jin Hausa ko “zo”. Kakarmu ce ta sa mata Alheri, ta koya mata amsar da muciya. Ga maganar Iya yadda ta faɗa: “Shi ne Hausar da na fara iyawa. Na yi shekaru ina faɗa ban san ma'anarsa ba. Na dai san in na yi jinkiri akwai muciya.” Sunan da uwarta ta sa mata kuwa ya ɓace mata. Ta ce wani lokaci yakan zo mata har bakin harshe ya koma.

Na tambaye ta me ya sa ta bar ki kina yi. Ta ce kina 'yar marainiya kika ji a bakin Kaka, duk sanda ta amsa sai ki ƙyalƙyale da dariya, ba ta da zuciyar da za ta hana ki. Da kika girma kuma abin ya zama miki gata, ta rasa ranar da za ta ƙwace.

Ban isa in yi miki gyara ba. Amma maganar aro da gado da kika rubuta, ban karanta mata su ba.

Ki yi haƙuri da ni.
Ubale

Nkembo, Libreville
Nuwamba, 1976

Hajjona,

Sallama da gaisuwa daga tsohuwarki. Mairamu ke rubutawa, ni ke faɗa. Alhaji Ɗanlami ya zo ya koma ya sake zuwa, ba takardarki. Ya ce kin rame. Na san ki, in kika yi fushi tuwo kike fara yi wa.

Kina kishi da yarinyar nan don na ba ta labari. Ai don ita bare ce na iya ba ta. Kakarta ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba, in na faɗa mata za ta yi kuka ta share, ta tashi ta ɗora tukunya. Ke fa? In gaya miki abin da jininki ya yi mini, ki kwana da shi ki tashi da shi? Ke na goya, ita ban goya ta ba. Kada ki sake haɗa kanki da kowa.

Amma ba zan taho yanzu ba, kuma ba wanda ya sa mini magana a baki. Tun ina yarinya kai ni ake yi. An kai ni Kano, an kai ni gidan mijinki tare da kwanoni, an maido ni, an sa ni a jirgi an kawo ni nan. Ban ce kin ƙi ni ba, ko sau ɗaya ba ki rage ni da komai ba. Sai dai nan ne na fara cewa tukuna aka ƙyale ni, kuma na ji daɗinsa, ina so in ɗan ƙara ji kafin a kai ni inda ba a shawara.

In kina son gani na, ƙafarki lafiya take. Ki zo. Ki taho da kuka da daddawa, ganyen rogon nan ya ishe ni.

Allah ya yi miki albarka.
Rahmatu

Ni Mairamu na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Ina gaishe ki, Yaya.

Fagge, Kano
Disamba, 1976

Zuwa ga Mairamu,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, da mai gidanki, da yarinya. Takarda ta iso.

Fasfo ya fito. Zan taho tare da Alhaji Ɗanlami bayan Sallah, da kukar da daddawar. Ki sani har yanzu ban huce da ke ba, kuma muddin ina can ni zan dama wa tsohuwa kunun safe.

Ga abin da nake roƙo, kuma Allah ya sani da akwai wani da zan roƙa da ba ke ba ce. Ki zo filin jirgi ke kaɗai, kada ki taho da ita. Na rufe ɗaki na yi ta gwada sunan, bakina sai ya zame ya koma wa tsohon. Ina tsoron in gan ta ya kuɓuce mini, ta zabura a gabana. Ki zauna kusa da ni a taksi, ki riƙa faɗa ina maimaitawa har mu isa gida.

Wassalam.
Hajjo