Gwangwanin Ragowar Magani

Litinin, 2 ga Oktoba
Inna da zafin fitsarin nan kuma. Na buɗe gwangwaninmu na ragowar magani na ba ta kafso ja-da-rawaya biyu. Dama duk layinmu nan Dosso wajena ake zuwa, ni ce mai waya, in duba in faɗi kalar da za a sha. Gambi maƙwabciyarmu har dokta take ce min. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Ta ji sauƙi, na tsayar. Sauran wani zai buƙata.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Zazzaɓi, rawar sanyi, baya kamar zai tsinke. Wata a gurup ɗinmu na waya ta ce a ba ta maganin sipro, na ba ta. Ko fura ta kasa sha.

Laraba, 11 ga Oktoba
Asibiti, Yamai. Cutar ta hau ƙoda. Wata nas, Madam Haissa, ta juye gwangwanin da na zo da shi a tebur gaban yayana Seyni, tana warewa da biro. Wannan amoksisilin, dangin penisilin, na kunne da maƙogwaro. Ja-da-rawayata tetirasiklin. Fararen nan metiro, na hanji. Wai kowanne da ƙwayar cutar da yake kashewa, ba kala ake bi ba.
"Ƙanwata," ta ce, "biyu yau, biyu gobe, ai horo kika ba cutar."
Seyni ko kallona bai yi ba. Yana ina duk shekarun da nake jinyar Inna?

Asabar, 14 ga Oktoba
Gwaji ya fito. Sipro ba ya kama cutar, amoksisilin ma haka. Saura allurar jijiya. In ita ma ta ƙi...
Na faɗa a gurup, sai hoton hannun addu'a ake ta turowa.
Inna ta ce wa Seyni ya ƙyale mata ni, Zalikarta, wai da kirki na yi. Da ma zagina ta yi.

Talata, 24 ga Oktoba
Allurar ta kama. Mun dawo gida, Inna tana tafiya da dafa bango. Ta ce ta warke, a ajiye sauran maganin da aka sallame mu da shi. Na ce sai ta shanye, na ma sa ƙararrawa a waya.
Gambi ta shigo neman kafso biyu, 'yarta na tari. Na ce gwangwanin ya ɓata.
"Dokta an fara rowa ke nan?"
Bai ɓata ba, a teburin Madam Haissa na baro shi. Na raka su asibitin unguwa. Dama can wajen zan bi.