Albasar da ba a miya da ita

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ciwon gwiwar? Ya Baba da su Auta? Ni lafiyata lau, ina ci ina ƙoshi, kada ki saurari masu cewa na rame a hoto.

Aikin lambun asibitin nan ya karɓe ni. Wata irin albasa muke shukawa, fure take yi, ba a miya da ita. Ki bar Kawu ya yi ta dariya, wai na bar gonar gado na zo noman kwalliya. Ki gaya wa Baba, sai sanyi ya kama ake binne ta, tsininta na kallon sama, ta yi wata da watanni a ƙarƙashin ƙanƙara. Yatsuna kan ƙage da safe, amma ba wani abu ba ne. Ki dai aiko min da man zafin nan naki.

Shugaban lambu ya ce idan layukana suka yi fure zai riƙe ni, idan suka ruɓe kuwa sai wata rana. Har yau ko tsiro ɗaya babu. Jiya haƙuri ya gaza, na tono guda da hannu. Inna, saiwoyi farare tas, ta kama ƙasa gam! Na mayar da ita na rufe.

Saboda haka ki daina cewa in tattaro in dawo. Ba a ganin komai daga sama tukuna, amma ni ma na kama. Ki sa mini albarka.

Ɗanki mai lambu.