Allunan Baba Ilu a Garken Awaki

Agege, daren Lahadi, Maris 2001

Kaina ciwo yake. Yau na je gidan marigayi Baba Ilu mai zane, don in duba allunan da ya zana hotunan tsohon Zango, unguwarmu ta Hausawa, a kansu. Na tarar ɗansa Sabo ya toshe ɓarakar garken awaki da biyu daga ciki. Ɗaya ma na matan nan ne masu ɗaurin goro a tashar jirgi, har da kakata. Akuya ta gaigaye gefensa.

Na ce, "Yaya Sabo, tarihinmu ne fa."

Ya ce, "Katako ne, Habu. Damina ta kusa."

Abin haushin, jiya ogana na masana'anta, ɗan ƙabilar Hakka daga Sin, yake ba ni labarin yadda suka mai da gidan wani mai zanensu gidan tarihi, don kada jikoki su manta asalinsu. Mu kuwa yaranmu Hausar ma sai da Yarbanci.

Na sayo wa Sabo kwanon rufi, na kwaso allunan duka a motar haya ta danfo. Ga su nan sun cika ɗaki, matata tana tambayar inda za mu shimfiɗa tabarma. Amma allunan dai ba za su koma ba.