Galan Takwas na Ruwa, Ba Latin Ko Kalma Ɗaya

Tucson, 2 ga Maris

Ofelia, inuwata da tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, furen da ya fito tsakanin ƙayoyi!

Ran 14 ga Afrilu, 1979, kika ja motata kika bar ni tsaye a gandun hamada da littafin tsirrai a hannu. Mil tara na taka kafin in kai titi. Laifina me? Don na yi awa uku ina jera miki sunan kowace ƙaya da Latin, na kuma manta gorar ruwa a gida? Kika je kika auri Dwight mai cire haƙora, mutumin da bai iya bambanta saguaro, dogon itacen nan mai ƙaya na hamada, da turken waya ba. Allah ya ji ƙansa. Ni kuwa, da digirina biyu, na tsufa ina koyar da yaran da ba sa saurare.

Bana an yi ruwa sosai, hamada za ta yi fure, kuma sati uku kaɗai zai yi. Ki zo mu koma ran Asabar, biyar ga Afrilu. Na sayi ruwa galan takwas, Ofelia, takwas! Na zaɓi hanya shimfiɗaɗɗiya saboda gwiwarki. Mu shiga da ƙarfe bakwai, mu fito kafin goma. Makullin mota yana jakarki tun daga ƙofa. In bakina ya kuskura ya fara Latin, ki make ni da hularki.

Kin san saguaro sai ya doshi shekara saba'in yake fitar da reshensa na farko, wanda ake kira hannu? Ina da saba'in da huɗu. Ga nawa ya fito, a makare, a karkace, duk ƙaya. Wa zan miƙa wa in ba ke ba? Wayyo, idanun nan naki da suka fi sararin Arizona faɗi, har yaushe za su ci gaba da hararata?

Ko kin zo ko ba ki zo ba, ni naki ne har a rufe ni da yashi.

Leland

Ƙari: ba son surutu ya sa ni dogon karatun nan ba, tsoro ne. Akwai zoben neman aurenki a aljihuna ranar, na kasa fito da shi. Ya faɗi a hanyar dawowa. Na koma sau goma sha ɗaya, ban same shi ba.